Giyar Tukunya

Duk wanda ya san Belmiro ya san abu biyu game da shi: yana da mata mai hannun girki, yana kuma da ƙane wanda ya tsaya masa a maƙogwaro. Matar ita ce Deolinda, wadda ba a ɗaura aure ko a yi wa jariri baftisma a ƙauyenmu na Murtal da ƙauyukan gefensa ba tare da an zo an roƙe ta ta dafa shanfana ba, wato naman akuya da ake dafawa cikin giya. Ƙanen kuwa shi ne Amandio, wanda laifinsa ɗaya ne a duniya, giyarsa ta fi ta yayansa daɗi.

Asalin abin tun rabon gado ne. Mahaifinsu ya rasu ya bar gonakin inabi biyu, aka ce babba ya fara zaɓa. Belmiro ya dubi ta kwari, ga faɗi, ga baƙar ƙasa, ga rafi a gefe. Ya dubi ta kan tudu, tsakuwa zalla, garma ma da kyar take shiga. Ya ɗauki ta kwari yana dariya a ciki, har da ɗan tausaya wa yaron. Ashe zaɓen tumun dare ya yi. Raɓa takan kwana a kwarin har hantsi, inabin ya yi ta kumbura da ruwa ba ya nuna sosai, giyar ta fito da yawa amma ga tsami ga ɓauri. Ta tudu kuwa rana take sha tun fitowarta har faɗuwarta. 'Ya'yan ƙanana ne, ba su da yawa, amma giyarsu in ta shiga baki sai mutum ya ɗan yi shiru kafin ya ci gaba da maganar da yake yi.

Belmiro bai taɓa yarda da haka ba, gwano dai ba ya jin warin jikinsa. A wajensa tasa ce giyar maza, mai tsayawa a ƙirji, ta Amandio kuwa ruwan alewa ce. Mutane, in ji shi, ba giya suke sha ba, suna suke sha. Wani ya yaba, saura suka bi. Amma duk shekara in motar wani mai gidan abinci na birnin Coimbra ta zo ta wuce ƙofar gidansa ko birki ba ta taka ba, ta nufi tudu tana gurnani, sai abinci ya fita ran Belmiro har yamma. Kuma ba ya iya hana kansa leƙawa ta taga ya ga abin da aka ɗora mata in za ta sauko.

Wuri ɗaya ya rage wa giyarsa a duniya, shi ne tukunyar Deolinda. Shanfana ba ta son 'yar akuya mai taushi. Tsohuwa ake nema, wadda ta gama haihuwa ta gama ba da nono, namanta ya koma kamar igiya. A yayyanka a jera a baƙar tukunyar ƙasa da tafarnuwa da kitse da barkono da kanumfari, a kwarara giya har ta rufe naman, ko ɗigon ruwa ba a sawa. Sai a tura cikin tanderun burodi, a liƙe ƙofar da taɓo, a bar wuta da giya su yi ta kokawa da tsohuwar har gari ya waye. Tun kakanninmu ake cewa tsohuwar akuya sai giya mai kaushi, kuma in kaushi ake nema Belmiro yana da shi ganga-ganga. Shekara talatin da biyu giyarsa ce take shiga tukwanen nan. In ana santi ana yabon matarsa, sai ya gyara zama ya ce hannu dai hannu ne, amma sirrin yana cikin ganga. Jama'a su ce haka ne, haka ne, su ci gaba da cin namansu.

Da aka sa ranar auren 'yarsu Lurdes, ita kaɗai kuwa Allah ya ba su, Belmiro ya ware gangar da ya fi ji da ita tun wata uku kafin biki. Dangin ango mutanen Bairrada ne, inda yaro yake sanin inabi kafin ya san haruffa. Uban angon, Faustino, irin mutanen nan ne da ba sa kurɓa sai sun juya kofi sun shinshina. Belmiro ya ce to madalla, a ƙarshe dai giyarsa za ta hau tebur ta haɗu da bakin da ya san abin da yake yi.

Saura mako biyu, suna cin abincin rana, Deolinda ta gaya masa tana yanka burodi, ko ɗago kai ba ta yi ba, cewa ta yi magana da Amandio. Zai ba da giyarsa tulu takwas a matsayin gudummawarsa, ita za a sa a tebur. Ta gida kuwa za ta shiga tukunya kamar kullum.

Belmiro ya ajiye cokali.

"Auren 'yata, a tsakar gidana, a sha giyar wani?"

"Wanin nan ƙaninka ne, Baban Lurdes. Ciki ɗaya kuka fito."

"Wato tawa ta akuya ce, tasa ta mutane."

"Akuyar nan ai ita ce bikin. Kowa da inda ya dace da shi." Ta tura masa burodi. "Ci abincinka, yana hucewa."

Ya juya wajen Lurdes yana neman mai goya masa baya, yarinyar ta sunkuyar da kai tana juya wake a faranti. Nan ya gane an daɗe da gama maganar, shi ne na ƙarshen ji. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, ya tashi ya bar abincin.

Ranar Alhamis ta makon biki Amandio ya gangaro da tarakta, ɗauke da manyan tulunan gilashi masu rigar kwando, kowanne an ɗaura masa jan zare a hannu don kada a haɗa da na gida. Ya rungume Lurdes, ya tsokani Deolinda cewa ta rame kamar ita ce amaryar, ya shigar da tulunan ɗakin ganguna da kansa. Da zai tafi ya ce, "Yaya, in ba ta isa ba ka aiko, akwai saura." Magana ce ta alheri, amma kunnen mai hassada ba ya jin alheri. Belmiro ji ya yi kamar an ce masa, ni ne mai rufa wa gidanka asiri. Ya ce an gode, da irin muryar da ake korar kare.

Ranar Juma'a da hantsi aka gama da akuya uku, aka jera naman a tukwane goma. Da ƙarfe biyu Deolinda za ta raka Lurdes gari wajen tela, don rigar amarya ta matse ta a hammata. Zuba giya da liƙe tanderu dama aikin Belmiro ne tun farkon aurensu, saboda haka ba ta yi wani dogon bayani ba. Ta ce in bulon tanderu ya yi fari ya kwashe garwashi, ya tabbata giya ta rufe nama, kada ya yi rowa. Suka fita da sauri kada motar haya ta wuce su. Matan da suka zo taya aiki su ma suka watse gidajensu sai yamma.

Belmiro ya shiga ɗakin ganguna da niyyar ɗebo tasa giyar. Ga gangarsa a dama, ga tuluna takwas a hagu da jan zarensu. Ya tsaya yana kallonsu. Ba nan take dabarar ta zo masa ba, ta daɗe tana kwance a ransa, ranar ce dai ta miƙe. Tunda suna mutane suke sha, to bari ya ba su suna. Giyar Amandio ta tafi tukunya ta sha wuta tare da akuya, tasa kuwa ta shiga tulunan jan zare ta hau tebur. Su sha, su lumshe ido, su ce lallai Amandio ya iya. Sai shi kuma ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, ya ce jama'a, abin da kuke yabo daga kwari ya fito. Har ya hango fuskar Faustino, har ya hango ta Deolinda.

Ya kinkimi tulunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire matoshin farko ya karkata, ƙamshi ya taso ya buge shi a fuska, sai ya kau da kai ya koma numfashi ta baki. Bai yi rowa ba kam, tas ya juye su a kan naman. Ya cika su da tasa, ya mayar da matosai, ya jera su yadda ya same su. Ya tura tukwane cikin tanderu, ya kwaɓa taɓo ya shafe ƙofar har ba inda tiriri zai fita. Tanderun shanfana in an liƙe shi ba mai buɗewa sai safiya, ko Fafaroma ne ya zo da yunwa. Da uwa da 'ya suka dawo suka tarar da shi yana wanke hannu yana 'yar waƙa, har Lurdes ta raɗa wa uwarta cewa Baba ya huce.

Asabar da safe Deolinda ta fasa taɓon, ta jawo tukunyar farko ta ɗaga murfi. Belmiro yana gefe yana yi kamar yana gyara benci. Ta tsaya a cikin tiririn ba ta motsa ba. Ta sa cokalin katako ta ɗanɗana romon, ta sake ɗanɗanawa, abin da ba ta taɓa yi ba, don ita sau ɗaya take ɗanɗana girki. Sannan ta juyo ta dube shi. Ya tsaya yana jira. Sai ta kira matan da ke taya aiki ta ce a ɗora dankali. Belmiro ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa ashe harshen da ake ta yabo ma bai gane ba.

An dawo daga coci rana ta take, aka zazzauna a dogayen tebura ƙarƙashin rumfar inabi, mutum sama da ɗari. Aka tsiyayo giya daga tulunan jan zare a butocin ƙasa, aka zagaya da ita. Belmiro bai ga amarya ba, bai ga ango ba, idonsa yana kan Faustino. Mutumin ya juya kofi, ya kai hanci, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sannan ya ajiye kofin, ya ɗan tura shi gaba da yatsa ɗaya, ya juya ya tambayi na kusa da shi ko an sami ruwan sama a wajensu bana. Belmiro ya ce a ransa jan aji ne kawai, bari ya yi kurɓa ta biyu.

Sai aka kawo tukwane. Naman da aka saba ja da haƙori sai ga shi yana rabuwa da ƙashi da an taɓa shi da cokali, romon baƙi, mai kauri, yana sheƙi. Surutu ya mutu, ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Maza suka riƙa yagar burodi suna share faranti. Wata gwaggon ango da ta zo daga Lisbon da farar riga ta ɗiga romo a ƙirji, ko kallonsa ba ta yi ba. Fada, limamin cocinmu, wanda ya ci shanfanar Deolinda a bukukuwa sun fi hamsin, ya ajiye cokali ya ce a kira masa ita. Aka fito da ita daga kicin tana goge hannu, jama'a suka miƙe suna tafi. Fada ya ce da yana zaton ya san girkinta, ashe bai taɓa ci ba sai yau. Deolinda ta yi murmushi, amma idonta ya ciko, ta koma ciki da sauri.

Kofuna kuwa suna nan a cike. Belmiro ya ga wani ya ɗaga hannu a miƙo masa lemon kwalba, ya tsiyaya a kan giyar. Na kusa da shi ya karɓa ya yi haka. Kafin ka ce kwabo kwalaben lemo suna yawo daga tebur zuwa tebur, ana sirka giyar da ya yi wata uku yana lallaɓawa, a gaban idonsa. Jawabin da ya haddace ya tashi a banza.

Da an tsaya nan da da sauƙi. Amma akwai Baba Gaspar, tsohon maƙerin gari, wanda kunnensa ya mutu, saboda haka raɗarsa ma ana jinta a tsallaken rafi.

"Amandio! Kai yaro, me ya sami giyarka bana? Na kurɓa na ji haƙorana suna neman gudu, huɗun da suka rage mini. Sai ka ce ta yayanka."

Dariya ta ɓarke. Ba dariyar mamaki ba ce, wannan shi ne abin da ya soki Belmiro. Dariya ce ta tsohon barkwanci, wanda kowa ya sani, wanda aka daɗe ana yi a shago da ƙofar coci in ya juya baya. Har Fada sai da ya rufe baki da adiko. Sai da suka ga fuskarsa sannan dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Amandio, wanda tun ɗazu yake hidimar baƙi bai zauna ba, ya ɗauki kofin wani ya kurɓa. Kurɓa ɗaya. Ya dubi jan zaren da ke hannun tulu, ya dubi farantin nama, sannan ya dubi yayansa. Belmiro ya riƙe bakin tebur yana jiran a tona shi.

"Jama'a, ku yafe ni," in ji Amandio. "Ganga ɗaya ta juya mini bana, ni kuma na ɗura ban ɗanɗana ba. Tsufa ne ya fara sallama. Ku ba ni minti ashirin."

Ya ɗauki abokan ango biyu suka hau tarakta. Jama'a suka bi shi da tsiya, ana cewa yau gwani ya ji kunya, yana dariya yana ɗaga musu hannu. Ya zubar da sunansa a gaban mutanen Bairrada kamar ba komai ba, don ya san ko ya zubar yana da saura. Belmiro ya san ya kamata ya ji godiya. Ya lalubi zuciyarsa bai samu ba. Da ƙanen nan ya tsaya ya nuna shi da yatsa a gaban kowa, da ya fi masa sauƙi. Amma a'a, ya fi shi a giya, yanzu kuma ya fi shi a hali, kuma baƙin cikin wannan ya fi na farkon ɗaci.

Yana cikin haka Faustino ya taso ya dafa kafaɗarsa, bakinsa yana ƙyalli da maiƙo. Ya ce shi ya ci shanfana daga nan har bakin teku, kuma ya san in romo ya yi haka ba hannun mai girki kaɗai ba ne. An gaya masa giyar gida ake sawa a tukunya.

"Suruki, ashe haka kake? Ka ɓoye mai kyau ka ba akuya, mu ka bar mu da wancan abin wanke ƙarfe? Tashi ka ɗebo mana. Giyar da ta yi wannan romon ita ta dace ta raka shi."

Maganar da Belmiro ya yi shekara talatin yana jiran ji ke nan. Ga ta ta zo har gida ta dafa masa kafaɗa, kuma ba tasa ba ce. Mutanen tebur suka goya wa Faustino baya, a kawo, a kawo. Belmiro ya buɗe baki ya ce ta ƙare, duk ta tafi a tukunya, ita ce kuwa gaskiya ɗaya da ya faɗa a ranar. Faustino ya ce kash, to ya ajiye masa tulu biyu baɗi, kada ya manta.

Tarakta ta dawo, aka zubar da abin da ke kofuna a gindin rumfa, aka cika su da ta tudu. Biki ya tashi. Lurdes ta zo ta ja uban suka yi rawa, ta ce masa wannan ce rana mafi daɗi a rayuwarta, ya ce Allah ya sa albarka. Kofin da aka ajiye masa kuwa bai taɓa shi ba har aka watse.

Washegari Lahadi, an tafi da amarya, gida ya yi shiru, Belmiro ya tarar da Deolinda a bakin rijiya tana wanke tukwane. Ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya. Ya fara cewa akwai maganar da yake so ya yi mata game da tulunan nan.

"Na sani tun kafin in sa cokali," ta ce, ba ta daina wanki ba. "Ƙamshin ya gaya mini."

"Me ya hana ki magana?"

"In ce me? Tanderu ya riga ya gama aikinsa. Na so in aika a sauya ta tebur, sai na ce a'a, bar shi ya ji da kunnensa, tunda ni na kasa gaya masa tsawon shekarun nan."

Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Faɗan bai zo ba. Ta ajiye soso, ta zauna a bakin rijiyar, ta yi magana a hankali.

"Ba fushi nake ba, Baban Lurdes. Kuka na yi jiya a kicin, ka san dalili? Duk shekarun nan ana yabona, ni kuwa in na ɗanɗana sai in ji da saura. Akwai wani ɗaci can ƙasa da na kasa kashewa. Na ƙara wuta, na rage wuta, na sauya tukwane, na sauya mai sayar mini da akuya. An ce tsohuwar akuya sai giya mai kaushi, na yarda. Na ɗauka iyakar hannuna ke nan. Na zargi kowa har da kaina, ban da kai. Jiya kai ka nuna mini, da hannunka."

Ta kife tukunyar a kan dutse. Ta ce bikin waliyyin gari saura wata biyu, an riga an roƙe ta, akuya shida za a yanka. Tana son tulu goma sha shida daga tudu. Shi ne maigida, shi ya kamata ya hau ya nema, ya kuma san abin da zai ce wa ƙaninsa in ya je.

"Tawa fa?" in ji Belmiro. Muryar ta fito 'yar ƙarama, shi kansa bai gane ta ba.

Deolinda ta ɗago ta dube shi. Ta buɗe baki, ya ga tana laluben inda za ta sa giyar tasa, da gaske take lalubawa, don har yanzu mijinta ne. Ba ta samu ba. Sai ta jawo tukunya ta gaba ta ci gaba da wanki.